Filin Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Edita Ba Ya Buga Wasiƙata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin makarantar firamare ne a wani ƙauye da ke kusa da Malumfashi. Cikin shekarar nan sau huɗu ina aika wasiƙa zuwa ga editan wata jaridar Hausa mai fitowa mako-mako, amma ko sau ɗaya ban ga an buga ba, alhali kuwa akwai mutanen da nake ganin sunayensu a shafin wasiƙu kusan kowane mako. Abin da ya fi damuna shi ne rijiyar burtsatsen makarantarmu da ta lalace tun bara, sai dai nakan haɗa har da batun tsadar taki da lalacewar hanya da tarbiyyar matasa, tunda ba kullum talaka ke samun damar yin magana ba. Ga kwafin wasiƙar ƙarshe na haɗo maka. Shin sai mutum ya san wani a gidan jarida ne kafin a buga masa?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam. Na karanta wasiƙar taka sau biyu, kuma ba zan ɓoye maka ba, da ni ne ke riƙe da shafin wasiƙu a ranar da ta iso, da wuya ƙwarai in buga ta, duk da cewa Hausarka mai kyau ce, kokenka kuma na gaskiya ne. Ta cika shafi uku. Sakin layi na farko gaisuwa ce ga edita da iyalinsa da ma'aikatansa, na biyu yabo ne ga “wannan jarida tamu mai farin jini”, na uku kuma addu'a ce ga shugabanni, sa'an nan aka bi ta kan taki, aka ratsa ta kan hanya, kafin a iso ga rijiyar a sakin layi na shida. Wato abin da ya hana ka barci shi ne ka ɓoye a can ƙarshe, inda mai karatu ba zai kai ba sai idan yana da haƙuri da lokaci, kuma mai tace wasiƙu a gidan jarida ba kasafai yake da ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Yana da kyau ka san yadda ake aikin a can ciki. A galibin jaridu ba babban edita ne ke zama ya karanta wasiƙu ɗaya bayan ɗaya ba, akan ɗora wa wani mataimakinsa ne, wanda kuma yake da wasu shafukan da zai haɗa kafin a tura jarida maɗaba'a. Filin da aka ware masa ƙayyadadde ne, idan kuma talla ta shigo a makare, sau da yawa shafin wasiƙun ake gutsurewa a ba ta wuri, domin talla ce ke biyan kuɗin takarda. Mutumin da ke cikin wannan hali layi biyu ko uku na farko yake dubawa. In ya gane abin da ake magana a kai, ya ci gaba. In bai gane ba, ya buɗe ta gaba. Idan kuma ya ga wasiƙa biyu, ɗaya tana buƙatar ya zauna rabin sa'a yana yanka yana ɗinki, ɗayar kuwa waƙafi biyu kawai zai gyara, ba sai an tambaya wacce zai ɗauka ba. Ban ce babu sanayya a gidajen jarida ba, akwai ta kamar yadda take a ko'ina, amma mafi yawan mutanen nan da kake ganin sunayensu kowane mako ba su taɓa haɗuwa da editan ido da ido ba. Sun dai laƙanci tsawon da shafin ke ɗauka, suna aiko da kayan da ba ya ba da wahala.

Ban ga laifinka ba a kan doguwar gaisuwa, domin haka aka koya mana rubuta wasiƙa tun muna aji uku: bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da tambayar lafiyar gida da ta yara, sai a ƙarshe a ce “dalilin rubuto maka wannan takarda shi ne”. Wannan ladabi ne mai kyau a wasiƙar da ɗa zai aika wa mahaifinsa, ko wadda masu rubuta wa mutane takarda a bakin gidan waya suka saba tsarawa. To amma wasiƙar jarida, ko da yake sunan edita ake sa wa a kanta, ba shi kaɗai ake yi wa magana ba. Shi mai buɗe ƙofa ne kawai, waɗanda ke cikin zauren su ne dubban masu karatu, tare da jami'in da ke da ikon sa hannu a gyara rijiyar. Sallama guda ta wadatar, kuma ba wanda zai kira ka marar kunya don ka tsaya a kanta.

Wannan zaure kuwa ya daɗe a ƙasar Hausa. Tun da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin watan Janairun 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta, wasiƙun masu karatu suka zama wani sashe na jaridar, a zamanin da ba kowane talaka ke iya tsayawa gaban hakimi ko alƙali ya faɗi abin da ke ransa ba. A shekarun 1950, lokacin da aka dage da Yaƙi da Jahilci, sai ga ƙananan jaridun larduna irin su Himma ta Katsina da Sodangi ta Kano da Zaruma ta Sakkwato, don waɗanda suka koyi karatun boko da girmansu su sami abin karantawa. Daga baya gidajen rediyo suka gaji wannan al'ada, tun daga sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957, har zuwa shirye-shiryen zaɓi sonka na tashoshin gida. Ina ma zaton daga zaɓi sonka ne wasu marubutanmu suka ɗauko ɗabi'ar jero sunayen 'yan'uwa da abokai a cikin wasiƙar jarida, alhali can gaisuwar ce gundarin shirin, nan kuwa cin fili take yi.

Sai batun haɗa taki da hanya da tarbiyya da rijiya a takarda ɗaya. Na fahimci dalilinka, kana ganin tunda an samu dama gara a zazzage buhun gaba ɗaya. Illar ita ce, wasiƙar da ta ɗauko matsala huɗu ba ta da wanda za ta kama, domin mai kula da taki zai ce ai maganar hanya ake yi, mai kula da hanya ya ce ai ta ruwa ce, a ƙarshe kowa ya zame. Ka zaɓi rijiyar, tunda ita ce ka fi kowa sani, kana tsaye a kanta kullum. Tsadar taki kuwa mutum dubu za su iya rubutawa a kai, kuma edita ya riga ya karanta irinta sau ba adadi.

Abin da na fi nema a wasiƙarka na rasa shi ne adadi da kwanan wata. Ka ce “yara suna shan baƙar wahala”, ka ce “an daɗe ana fama”, amma ba ka faɗi yawan yaran ba, alhali rajista tana hannunka, ba ka faɗi watan da rijiyar ta tsaya ba, ba ka kuma faɗi abin da ya lalace a cikinta ba, ko kan famfon ne, ko bututu ne ya tsinke a ƙasa, ko kuwa ruwan ne ya ja. Waɗannan su ne ke bambanta koken wanda ya gani da idonsa da na wanda ya ji a majalisa. Da ni ne, ga yadda zan tsara ta, kai kuma sai ka cike wuraren da na sa “kaza” da abin da ka tabbatar:

“Assalamu alaikum Edita. Rijiyar burtsatsen makarantar firamare ta gari kaza, a ƙaramar hukuma kaza, ta daina aiki tun watan kaza na bara, kuma ita kaɗai ce wurin shan ruwan ɗalibai kaza. A yanzu da an tashi tara yara kan tafi rafi mai nisan tafiyar minti kaza, wasunsu kuma ba sa dawowa aji sai washegari. Mai gyara ya duba ya ce abu kaza ne ya lalace, kuma gyaran zai ci naira kaza. Kwamitin iyaye da malamai ya rubuta wa ofishin da abin ya shafa ranar kaza ga watan kaza, har yau muna jiran amsa. Muna roƙon a gyara ta kafin zafin bazara ya kankama.”

Wannan ba ta kai kalma 150 ba, amma duk wanda ya karanta ya san wuri, ya san matsala, ya san kuɗin, ya san wanda ake jira. Ko ka ƙara mata bayani, ina ba ka shawara kada ta wuce kalma 250. Ka lura kuma ban zagi kowa a ciki ba, ban ce wani ya ci kuɗin gyara ba, domin ba ka da shaidar haka, kuma jami'in da aka roƙa a bainar jama'a ya fi saurin motsawa a kan wanda aka ci wa mutunci, wanda shi kare kansa zai sa a gaba.

A ƙasan wasiƙar ka sa cikakken sunanka da garinku da lambar waya; ba buga lambar za a yi ba, amfaninta shi ne a kira ka a tabbatar kai ne ka rubuto. In ta imel za ka aika, ka rubuta ta a cikin saƙon kai tsaye, kada ka ɗauki hoton rubutun hannu ka tura, domin ba wanda zai zauna ya sake buga maka shi a kwamfuta. Tunda kuma jaridar ta mako-mako ce, ka aika da zarar bugun wannan mako ya fito, saboda shafukan ra'ayi da na wasiƙu akan riga haɗa su kafin shafukan labarai. Abu ɗaya da zan ja hankalinka a kai: kai ma'aikacin gwamnati ne, kuma ƙa'idojin aikin gwamnati sun taƙaita wa ma'aikaci yin magana da jarida a kan lamuran wurin aikinsa ba tare da izini ba. Zai fi maka kwanciyar hankali idan shugaban kwamitin iyaye ne ya sa hannu, tunda 'ya'yansu ne ke tafiya rafin.

Tambaya: Malam, ina aiki a wani asibiti, kuma ina ganin magungunan da ya kamata a ba marasa lafiya kyauta ana karɓar kuɗi a kansu. Ina so in rubuta wa jarida, amma ina tsoron a kore ni. Zan iya aikawa ba tare da suna ba, ko in sa sunan da ba nawa ba?

Amsa: Malama, Allah Ya saka miki da alheri a kan damuwa da marasa lafiya. Akwai bambanci tsakanin ɓoye suna ga masu karatu da ɓoye shi ga edita. Na farko abu ne da aka saba, ki rubuta sunanki da lambarki, ki ce a sakaya, sai a buga da “wata ma'aikaciya” ko makamancin haka, kuma kare asirin wanda ya ba da labari yana cikin manyan ƙa'idojin aikin jarida. Na biyu kuwa ba editan kirki da zai karɓa, musamman a zargi mai nauyi irin wannan, domin takardar da ba a san marubucinta ba jifa ce a kasuwa, kuma ba yadda za a yi ya gane ko mai kishin jama'a ce ta rubuto ko wani ne ke neman kujerar abokin aikinsa. Sunan aro ma bai fi ba, ranar da aka gano, duk maganarki ta zama ƙanzon kurege ko da gaskiya ce.

Dalilin wannan tsanani na doka ne. Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, amma bai halatta ɓata sunan wani ba. A dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa tun 1960, ɓata suna laifi ne da zai iya kai mutum gidan yari har shekara biyu, ban da ƙarar neman diyya da wanda aka ɓata zai iya shigarwa. Kuma ba marubucin wasiƙa kaɗai ake kamawa ba, jaridar da ta buga ita ma ta shiga ciki, tunda ita ta yaɗa. Saboda haka editan da ya ƙi buga zargin da ba shi da madogara ba tsoro ne kawai ya hana shi ba, yana bin abin da addini ma ya umarta ne a aya ta 6 ta Suratul Hujurat, cewa a yi bincike a kan labari kafin a cutar da mutane cikin rashin sani.

A ganina ma, abin da ke hannunki ya fi ƙarfin shafin wasiƙu. Idan aka buga shi a matsayin wasiƙa, za a cire sunan asibitin da na mutanen, ya koma magana ta gama-gari wadda ba za ta hana kowa barci ba, ke kuma ki kwana cikin fargaba a banza, domin a ƙaramin wurin aiki, ko an sakaya suna, bayanin da kika kawo zai iya nuna ko wace ce, tunda mutum uku ko huɗu ne kawai suka san abin da ke shiga ɗakin ajiyar magani. Gara ki nemi wakilin jarida da kika amince da shi ki ba shi bayanin a asirce, shi ya je ya yi nasa binciken, ya ji ta bakin marasa lafiya, ya kuma ba hukumar asibitin damar kare kanta. Ko kuma ki kai ƙorafi a rubuce ga hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC, wadda aka kafa a shekarar 2000 don irin wannan, ko Hukumar Karɓar Ƙorafe-Ƙorafen Jama'a da ke da ofisoshi a jihohi. Ko wace hanya kika bi, ki tsaya a kan abin da idonki ya gani, da ranar da kika gan shi, ki bar abin da kika ji ana faɗa a ɗakin hutu.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Maraɗi. Wayata ba ta da haruffa masu lanƙwasa, kuma Hausarmu ta ɗan bambanta da wadda nake gani a jaridun Najeriya. Wannan zai hana a buga wasiƙata?

Amsa: Ɗana, ba zai hana ba, amma ka taimaki mai tacewa. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ ba ado ba ne, su ke raba baƙi da baki, su raba ƙafa da kafa, kuma wanda ya rubuta cewa baki sun cika gari ya bar mai karatu da aikin hasashe. Manhajar Gboard tana da allon rubutun Hausa, ka shiga wurin zaɓen harsuna ka ƙara shi. Harafin ƴ da kuke amfani da shi a Nijar shi ne a Najeriya ake rubutawa da 'y, wannan ba matsala ba ce. In ka rubuta “shina zuwa” aka mayar da shi “yana zuwa”, kada ka ɗauka raini ne ga Hausarku, jaridu suna bin daidaitacciyar Hausa ne don na Kano da na Damagaram da na Kumasi su karanta abu ɗaya. Abin da ya fi wahalar da editoci shi ne haɗe kalmomi irin na saƙon waya, a rubuta “shine” a maimakon “shi ne”, ko “yace” a maimakon “ya ce”, da kuma cusa kalmomin Faransanci ko Turanci inda Hausa take da nata.

Tambaya: Malam, ni an buga tawa wasiƙar, amma an yanke kusan rabinta, an kuma sa mata kanun da ba ni na rubuta ba, har wasu abokan kasuwancina suka ɗauka su nake zargi. Edita yana da ikon yin haka?

Amsa: Alhaji, yana da ikon taƙaitawa, da gyara rubutu, da sa kanu, domin kanu a ko'ina aikin gidan jarida ne, kuma jaridu da yawa sukan rubuta wannan sharaɗi a jikin shafin wasiƙun. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya sauya ma'ana, ya sa maka a baki abin da ba ka faɗa ba. Ka ajiye kwafin abin da ka aika kusa da abin da aka buga ka gwada su cikin natsuwa. Idan gundarin maganarka yana nan, kwaskwarima kawai aka rage, to ka yi haƙuri, ka kuma lura da irin abin da aka cire, domin zai nuna maka abin da za ka bari a gida nan gaba. Yawanci daga ƙasa ake yankowa idan fili ya ƙare, shi ya sa wanda ya ajiye muhimmiyar maganarsa a sakin layi na ƙarshe shi ne ya fi cutuwa.

Idan kuwa yankan ko kanun ya juya maganar har ta koma zargin da ba ka yi ba, kana da haƙƙin neman gyara. Ka rubuta wa editan 'yar gajeriyar takarda, ka ambaci ranar bugun da lambar shafi da kanun da aka sa, ka kawo jimlar da ka rubuta da wadda ta fito, sa'an nan ka nemi a buga gyara a wannan shafin dai a fitowa ta gaba. Kada ka fara da barazanar lauya, domin da zarar an ambaci kotu, takardar ta bar teburin edita ta koma hannun lauyan kamfani, abin da za a gama cikin mako guda sai ya ɗauki watanni. In ka rubuta sau biyu aka yi biris da kai, akwai Majalisar Kula da 'Yan Jarida ta Najeriya, wadda aka kafa a 1992 kuma take karɓar ƙorafin jama'a a kan abin da jaridu suka buga. Kafin nan dai, ka ɗauki kwafin ainihin wasiƙarka ka kai wa abokan kasuwancin naka su karanta da idonsu, tunda su kake haɗuwa da su kowace safiya a bakin rumfa.